Yarima mai jiran gadon da babu

A teburin mai shayi ne abin ya faro, bayan sallar isha'i. Wani matashi da muke zaman majalisa ɗaya ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Malam, ga wanda zai karɓi Iran." Na karɓa na duba. Wani dattijo ne mai furfura, sanye da kwat da laktaye, yana jawabi gaban 'yan jarida a Paris. A ƙasan hoton an rubuta cewa wai yarima mai jiran gadon Iran ne. Na ce masa, wane gadon? Ya sosa ƙeya ya ce ai haka kafafen labarai ke kiransa. Mai shayi ya dire mana kofuna, hira ta koma kan tsadar sukari, amma ni maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Taron manema labaran da Reza Pahlavi, ɗan tsohon Sarkin Iran da ake kira Shah, ya kira ke nan ranar Litinin 23 ga Yunin 2025, ana tsakiyar ruwan bama-baman Isra'ila a kan ƙasarsa, kwana ɗaya bayan Amurka ta kai hari cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz da Isfahan. Ya ce lokacin rushewar katangar Berlin ta Iran ya zo. Ya ce Jagoran Iran Ayatullah Khamenei ya sauka, za a yi masa shari'ar adalci. Ya ce shi a shirye yake ya jagoranci riƙon ƙwarya. Washegari aka tsagaita wuta. Katanga tana nan inda take. Mutanen Tehran da ya yi ta kira su fito kan titi sun fito kam, amma cikin motoci, da katifu da yara, suna layin mai suna neman hanyar barin gari.

A ranar da yake wannan jawabi ne kuma jiragen Isra'ila suka buga gidan yarin Evin, inda gwamnatin Iran ke tsare da masu adawa da ita. Hukumomin ƙasar sun ce sama da mutum 70 suka mutu, har da fursunoni da ma'aikata da 'yan uwan da suka je ziyara. Wato mutanen da ake cewa za a 'yanto, su aka jefa wa bam a ɗakunan da aka kulle su. Tsawon kwanaki goma sha biyun da aka yi ana wannan yaƙi ban ji yariman ya yi tir da masu jefa bam ɗin ba. Laifin duka Khamenei ya ɗora wa.

Ba jawabinsa ne ya fi ɓata mini rai ba. Mai neman mulki ai dole ya yi ta kururuwa. Abin da ya dame ni shi ne yadda tashoshin talabijin na Turai da Amurka suka riƙa jera shi kamar wani shugaban gwamnati, suna lanƙaya masa sarautar da aka soke tun 1979, mu kuma a nan muka kwafa muka fassara ba tare da mun tsaya mun yi tambaya ba. A Hausa idan ka ce yarima mai jiran gado, akwai gadon, akwai wanda ke kai, akwai masu zaɓen sarki, akwai talakawan da za su yi mubaya'a. Wannan bawan Allah ba shi da ko ɗaya. Tun 1978 rabonsa da taka ƙasar Iran.

An haife shi a Tehran ranar 31 ga Oktoban 1960. Yana ɗan shekara bakwai saura kwanaki aka zaunar da shi kusa da mahaifinsa a bikin naɗin 1967, cikin kakin soja da aka ɗinka daidai jikin yaro. A 1978, yana da shekara 17, aka tura shi Texas koyon tuƙin jirgin yaƙi. Yana can ƙasa ta juye. Mahaifinsa Muhammad Reza ya bar Iran ranar 16 ga Janairun 1979, Khomeini ya sauka Tehran ranar 1 ga Fabrairu, daga nan iyalin suka shiga yawon neman mafaka: Masar, Maroko, Bahamas, Meziko, Amurka, Panama, aka sake komawa Masar, inda Shah ya rasu a watan Yulin 1980. Abokan da suka sha shagali a fadarsa kowa ya rufe ƙofa, in ban da shugaban Masar Anwar Sadat. Watanni uku bayan haka, ranar da ya cika shekara 20, Reza ya tsaya a fadar Kubba da ke Alƙahira ya ayyana kansa Shah Reza na Biyu. Babu wata ƙasa da ta amsa.

Ina jin tausayinsa a wannan gaɓar, kuma ba zan ɓoye ba. Yaro ne da aka rene shi kan cewa ƙasa guda tasa ce, ya wayi gari ba shi da ko fasfo mai daraja. Ƙanwarsa Leila ta rasu a wani otal a Landan a 2001, ƙanensa Ali Reza ya kashe kansa a Boston a 2011. Gudun hijira ta ci gidan nan da gaske. Akwai ma wani abu da ya yi a 1980 da ya cancanci yabo: da Saddam Husaini ya auka wa Iran, ya aika saƙo cewa a shirye yake ya koma ya tuƙa jirgin yaƙi don kare ƙasarsa, duk da cewa waɗanda suka kori ubansa ne ke mulki. Ba a karɓa ba. Amma matashin nan na 1980 ya fahimci cewa idan baƙo ya kawo hari, rigimar cikin gida jinginar da ita ake yi. Dattijon mai shekara 64 da na gani a wayar yaron nan ya manta da wannan karatun.

To me ya gada ma tukuna? Magoya bayansa suna magana kamar jinin Sairus, sarkin Farisa na zamanin da, ne ke gudana a jikinsa, kamar gidan ya shekara dubu biyu da ɗari biyar a karaga. Gidan Pahlavi shekara 54 ya yi kacal, sarakuna biyu, kuma dukansu a ƙasar wasu suka mutu. Kakansa Reza Khan hafsan soja ne da ya yi juyin mulki a 1921 da ɗaurin gindin wani janar ɗin Ingila mai suna Ironside, ya ture gidan Kajar, ya zama sarki a 1925. Sunan Pahlavi ɗin ma zaɓarsa ya yi. A 1941 Ingila da Tarayyar Sobiyet suka mamaye ƙasar, suka ce ya yi kusa da Jamus da yawa, suka sauke shi suka ɗora ɗansa mai shekara 21. Tsohon ya ƙare a Johannesburg a 1944. Waɗanda suka taimaka aka ɗaura rawanin su suka warware shi.

Sai 1953. Firaminista Muhammad Musaddik ya mayar da man fetur ɗin Iran hannun gwamnati a 1951, ya ƙwace shi daga kamfanin Ingila wanda daga baya ya zama BP. Da rikici ya yi zafi, Shah ya hau jirgi ya gudu Bagadaza, daga can ya wuce Rum. Hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka kifar da Musaddik ranar 19 ga Agusta, sarki ya dawo gida bayan 'yan kwanaki. Wannan ba zargin 'yan adawa ba ne, CIA da kanta ta amsa a 2013. Musaddik ya yi shekara uku a kurkuku, sauran rayuwarsa a ɗaurin talala, ya rasu a 1967, shekarar da aka yi wancan bikin naɗin da aka zaunar da ƙaramin yarima a kujerar zinariya.

Saboda haka idan Reza Pahlavi ya tsaya a Paris yana jiran jiragen wata ƙasa su share masa hanya, sana'ar gida yake yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowane ɗan makaranta a Iran ya san labarin 1953, har waɗanda suka tsani malaman da ke mulki. Mu ma nan ba baƙin wannan ba ne. Jikokin waɗanda suka ga 1903 sun san abin da ake nufi da sarautar da bindigar baƙo ta kawo, kuma har gobe Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi ake ambata da girmamawa.

Masu kare shi suna da amsa a shirye: ai shi ba ya neman sarauta. Haka yake faɗa kullum. Ya ce abin da yake so shi ne dimokuraɗiyya, a raba addini da gwamnati, a kiyaye iyakokin ƙasa, a yi ƙuri'ar raba gardama mutane su zaɓi sarauta ko jamhuriya. An ma taɓa jin sa yana nuna cewa shi a ransa jamhuriya ta fi kwanta masa. Da daɗin ji. Amma in haka ne, don me sai shi? Iran ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 90. Tana da mata biyu da suka ci kyautar Nobel ta zaman lafiya, Shirin Ebadi da Narges Mohammadi, ta biyun ta sha ɗauri a Evin ɗin nan da aka buga. Tana da lauyoyi da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyar direbobin bas da suka yi shekaru a kurkuku. Mene ne ya ɗaga mutumin da ke zaune a wajen birnin Washington sama da waɗannan? Bai taɓa riƙe ofis ba, bai taɓa tsayawa zaɓe ba, bai taɓa kwana ɗaya a hannun 'yan sanda ba. Abu guda ne jarinsa, sunan ubansa. Yana cin ribar sarauta yana kuma cewa ba ruwansa da ita. Har yau bai taɓa fitowa ƙarara ya ce ya janye abin da ya ayyana a Alƙahira a 1980 ba. Kuma wanda zai riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya, sojoji da gidan talabijin suna hannunsa, sannan ya shirya ƙuri'a kan ko a naɗa shi sarki, mu 'yan Afirka mun san yadda irin wannan ƙuri'ar ke ƙarewa.

Idan kuwa jarin sunan uba ne, to da bashin uban ake gadonsa. Shah ya gina hanyoyi da jami'o'i, ya raba wa manoma filaye, ya ba mata damar jefa ƙuri'a a 1963, ba mai musu. Amma shi ne kuma mai SAVAK, 'yan sandan cikin da aka kafa a 1957 da taimakon Amurka da Isra'ila, waɗanda sunansu kaɗai ke sa mutum ya rage murya a cikin ɗakinsa. Shi ne ya soke jam'iyyu a 1975 ya bar guda ɗaya tilo. Shi ne a 1971 ya kafa birnin tantuna a kufan Persepolis ya tara sarakuna da shugabannin duniya, aka riƙa ɗauko abinci a jirgi daga wani gidan cin abinci na Paris, alhali ƙauyukan da ke kewaye ba su da ruwan famfo. Cikin manyan baƙin akwai Haile Selassie na Habasha, wanda shi ma saura shekara uku ya rage masa a karaga. A 1976 ya soke lissafin shekara daga Hijira ya koma ƙirgawa daga zamanin Sairus, mutane suka kwanta a 1354 suka tashi a 2535. A Satumban 1978 sojojinsa suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a dandalin Jaleh. Idan aka tambayi Reza game da waɗannan, yakan ce an yi kurakurai, sai ya juya zancen kan ta'asar malamai. A 2023 hoton Parviz Sabeti, ɗaya daga manyan SAVAK, ya bayyana a wani gangamin 'yan adawa a Amurka, wasu masu son sarauta suka yi ta murna. Ka tambayi kanka yadda wanda aka cire wa farce a 1975 ya ji.

An ma gwada shi, ai. Bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan Hisbar Iran a Satumban 2022, ƙasar ta ɗauki zafin da ba ta taɓa ɗauka ba cikin shekaru. A Fabrairun 2023 fitattun 'yan adawa na waje suka haɗu a jami'ar Georgetown, da shi da Masih Alinejad da Hamed Esmaeilion, wanda matarsa da 'yarsa suna cikin mutum 176 da suka mutu a jirgin Yukiren da dakarun juyin juya hali suka harbo a 2020. Suka fitar da takardar yarjejeniya a watan Maris. Kafin ƙarshen Afrilu haɗin ya watse. Mutumin da ya kasa riƙe mutum shida a teburi ɗaya na wata uku, shi ne zai riƙe Farisawa da Azeri da Kurdawa da Balochi da Larabawan Khuzestan. Kuma a titunan Iran a wancan lokacin akwai taken da aka yi ta rerawa, cewa mutuwa ga azzalumi, ko Shah ne ko Jagora. An ji masu kiran sunan kakansa ma, gaskiya ne, amma mai yunwa da ke tuna tuwon jiya ba takardar mubaya'a ya sa wa hannu ba.

A cikin Afrilun 2023 ɗin ne ya tafi Isra'ila. Ministar leƙen asiri ta lokacin, Gila Gamliel, ita ta tarbe shi, ya zauna da Netanyahu, aka ɗauki hotuna. Yana da 'yancin ya ziyarci inda ya ga dama, kuma dangantakar Iran da Yahudawa tsohuwa ce. Amma ɗan siyasa ya san ma'anar hoto. Shekara biyu bayan wannan zama, mutumin da ya sha hannu da shi ne ya aika jiragen da suka kashe sama da mutum 900 a ƙasarsa bisa ƙididdigar hukumomin Iran, har da yara a cikin gidajensu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shirun da ya yi a Paris askin ke nan.

Yanzu bari in dawo kan mutanenmu, don su ne suka sa ni rubutun. Tun da aka fara yaƙin nan Facebook ɗin Hausa ya rabu biyu. Akwai waɗanda a wurinsu gwamnatin Tehran ba ta taɓa kuskure ba; waɗannan su je su karanta abin da aka yi wa dubban fursunonin siyasa a 1988, da ɗaruruwan da aka harbe a zanga-zangar man fetur ta 2019, da sama da mutum 900 da aka rataye a 2024 kaɗai. Ba da su nake ba yau. Da ɗaya ɓangaren nake, waɗanda ƙiyayyar Shi'a ta rufe wa ido har suke tafa wa duk wanda ya ce zai kawar da malaman Iran. Malam, ka san wa kake yi wa talla? Gidan Pahlavi ma 'yan Shi'a ne, in wannan ce damuwarka. Kakan yariman nan shi ne ya haramta lulluɓi a 1936, 'yan sanda suka riƙa fizge mayafi daga kan mata a kasuwa, tsofaffi da yawa suka daina fita daga gida shekara da shekaru. Shekara guda kafin nan sojojinsa sun buɗe wuta a cikin masallacin Goharshad da ke Mashhad kan masu adawa da dokar tufafi. Ubansa ne ya jefar da kalandar Hijira. Ka ƙi Khamenei in ka ga dama, kana da hujjoji, amma kar ka ɗauka wanda ake tallata maka wani Salahuddin ne.

Wasu kuma masu ilimin boko sukan kawo misalin Sifen, cewa Juan Carlos ya dawo da sarauta a 1975 ya kuma kai ƙasar ga dimokuraɗiyya. Janar Franco ne ya zaɓe shi tun 1969, a cikin ƙasar ya tashi, sojoji sun san shi. Misalan da suka fi kama da Reza suna maƙwabtan Iran. Tsohon sarki Zahir Shah ya koma Afghanistan a 2002 a inuwar sojojin Amurka, aka ba shi laƙabin uban ƙasa, ba a ba shi karaga ba. Sharif Ali bin Husaini ya bi tankokin Amurka zuwa Bagadaza a 2003 yana neman gadon sarautar Hashimawa ta Iraƙi, ko kujerar majalisa bai samu ba. Wanda ya yi abin kirki a cikinsu Simeon, tsohon sarkin Bulgeriya, ne: ya koma gida, ya kafa jam'iyya, ya nemi ƙuri'a kamar kowa, ya zama firaminista a 2001, da aka kayar da shi a 2005 ya sauka. Bai ce a jefa wa Sofiya bam don ya samu hanya ba.

In da Reza Pahlavi zai ji shawarar wani marubuci daga nesa, ba ta da tsawo. Ya fito ya ce ya yafe sarautar, shi da zuriyarsa, da baki ɗaya ba da harshen damo ba. Ya ambaci SAVAK da sunanta ya nemi gafarar waɗanda ta azabtar. Ya bar waɗanda ke cikin ƙasar su ja gaba, shi ya zama mai tara musu murya a waje. Editocinmu kuma su daina ara masa rawani. Ɗan tsohon Sarkin Iran ya isa, kuma shi ne gaskiya.

Wanda ya yi karatu a Azhar ya san masallacin Rifa'i, wanda ke fuskantar masallacin Sultan Hasan a gindin ganuwar Salahuddin. Na taɓa shiga da wani abokina bayan la'asar. Mai gadi ya ja mu wani ɗaki a gefe, ya kunna fitila. Kabarin Shah ne, dutse mai sheƙi, da tsohuwar tutar nan mai zaki da rana a jingine. A ɗakin da ke kusa Sarki Faruk na Masar ne kwance, wanda ƙanwarsa Fauziyya ce matar Shah ta farko, shi ma tumɓuke shi aka yi. A wannan masallacin aka ajiye gawar Reza Khan na wasu shekaru kafin a mayar da ita Iran a 1950. Ba kowa a ɗakin sai mu uku. Mai gadin ya jira muka gama kallo, ya miƙo hannu aka ba shi na shayi, ya kashe fitilar ya ja ƙofa.